Kalmomi Bakwai na Baba Fainali

Baba Fainali bai iya Turanci ba, bai kuma taɓa cewa ya iya ba. Kalma bakwai ya sani a cikinsa. Da su ya yi aure, da su ya rufa ɗakinsa da kwano, da su ya kai 'yarsa Auta har jami'a.

Mai haɗa shayi ne a wani kamfanin fenti. Ɗan kicin ɗinsa yana manne da zauren taro, ƙofa ɗaya ce ta raba su, mai ɗan gilashi daidai idon mutum. Zauren kuwa duk shekara da fentin da ya ƙi sayuwa ake shafa shi, shi ya sa bango ɗaya ruwan goro ne, ɗaya shuɗi mai sa ciwon kai, silin kuma wani launi ne da ko masu haɗa shi ba su yarda su sa masa suna ba. A nan manya ke taruwa su yi jawabi da Turanci, Baba kuma yana bayan gilashi yana jira.

A baki aikin ba wuya. Da mai jawabi ya gama, shayi ya shigo da zafinsa. Matsalar tana wurin buta. Ƙatuwa ce ta ƙarfe, sai ta ci minti goma sha biyu kafin ta tafasa, in ta tafasa kuma ta yi wani fito da ake ji har bakin get. Ba a barin ta a kan wuta tana jira, don Baba ya ce ruwan da ya tafasa ya zauna matacce ne. In an zuba ganyen shayi kuwa, minti biyar ne rayuwarsa, daga nan sai ɗaci. Ke nan dole mai shayi ya san ƙarshen magana tun kafin mai maganar ya san shi.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu aka ɗauko shi daga wankin gwangwani aka ba shi kicin, bayan an sallami wanda ya gada saboda shayi mai sanyi. Takalma ya fara karantawa. Ta gilashin nan yana hango ƙarƙashin tebura, ya lura da an fara jawabi manya ke zare ƙafa daga takalmi. Can sai mai jawabi ya furta wani sauti, ƙafafu su hau laluben takalma, a saka, a gyara zama. Bayan ɗan lokaci a sake zarewa a hankali, kamar an yi wa ƙafafun ƙarya. Baba ya riƙe sautin. Fainali. Da albashinsa na farko ya sayi agogo, ya samo fensir, da ɗan bokonsa na aji uku ya fara rubutu a bayan ƙofa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙofar ta kusa cika daga sama har ƙasa, sunan kowane mai jawabi da kalmarsa da mintocin da suka biyo bayanta.

A wurin Baba, fainali na nufin mai magana ya ga agogo ya kau da kai, a je a wanke kofuna. Lasli ƙanin fainali ne, shi in ya zo a kunna wuta. In konkulushan na nufin za a koma farko a sake bi. Tu samarais shi ma haka, sai dai da sauri-sauri. Las bot not lis, mai jawabi ya tuna wani da yake jin tsoro bai gode masa ba. Bifo ai sit dawun, mutumin ba shi da niyyar zama. Wan mo tin kuwa shi ne maƙiyi, in ya fito a rage wuta a yi addu'a.

Kowa kuma da mudunsa. Fainalin Injiniya minti shida ne, mutum ne mai tsoron Allah. Na Mataimakin Darakta minti arba'in. Tsohon Darakta, Allah ya jiƙansa, fainali uku yake yi, sai a na ukun ake kunna wuta. Baƙo da ba a taɓa aunawa ba, Baba na ba shi minti ashirin da biyar, bai taɓa faɗuwa ba. Tun da ya fara rubutu a ƙofar nan shayi bai taɓa makara ba, bai taɓa sanyi ba. Sai ya turo ƙofa da ƙafa, faranti a hannu, ya ce, “Shayi ya yi,” ana tafi.

A gida kuwa ba mutum ne mai jan magana ba. In ya ce shi ke nan, to shi ke nan. Yana kallon masu cewa za su gama ba su gama ba kamar yadda likita ke kallon masu tari, ba ya jin haushinsu, amma ba ya so ya kamu.

Auta da ta gama karatu, Turancin ma ta karanta, ta dawo gida tana jiran aiki. Wata rana da yamma ta ce za ta gyara masa ilimi.

“Baba, ka san fainali ‘daga ƙarshe’ take nufi? Lasli ma haka. Duka bakwai ɗin nan abu ɗaya suke cewa, ga magana ta ƙarshe.”

“Wa ya gaya miki?”

“Yana cikin ƙamus.”

“Shi ƙamus ɗin ya taɓa dafa shayi?”

“Baba, shekara huɗu na yi a kan wannan.”

“Ni talatin da ɗaya. In da abu ɗaya suke nufi, me ya sa Bature ya yi su bakwai? Ƙofa bakwai a ɗaki ɗaya, ai kin san ba ta fita ba ce.”

Maman Auta tana kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Ki bar shi. Ni da na aure shi, lasli ya ce wa babana, aka yi wata takwas ana jira.”

Ana nan aka kawo sabon Darakta, matashi mai tafiya kamar ana binsa. Sati biyu da zuwansa ya leƙo kicin, ya ga bayan ƙofa.

“Wannan ƙazantar fa?”

“Aiki ne, ranka ya daɗe.”

“A kamfanin fenti, ƙofa kamar allon makaranta?” Ya duba butar, ya duba Baba. “Akwai inji yanzu, a danna maɓalli shayi ya fito. An ce mini kai ba ka taɓa makara ba, ni ban yarda da tatsuniya ba. Ranar Alhamis akwai taron dillalai, baƙuwa za ta zo daga babban ofis. In shayi ya makara da minti ɗaya, ko ya zo da sanyi, Juma'a a fente ƙofar nan, inji ya shigo, kai kuma ka je ka huta.”

“To, ranka ya daɗe.”

Baba bai ji tsoro sosai ba. Abin da ya dame shi fentin ne. Akwai mutane a ƙofar nan da babu sauran inda aka rubuta sunansu a kamfanin.

Da ya ba da labari a gida, Auta ta ajiye cokali. “Baba, mutanen babban ofis fa wasu in sun ce fainali da gaske suke.”

“Babu ɗan Adam da yake cewa fainali da gaske. Ki zo ranar ki zauna a baya, ki ji Turancin aiki, ba na littafi ba.”

Ranar Alhamis da hantsi zaure ya cika. Dillalai sun fi ɗari, ma'aikata a gefe, Auta a layin ƙarshe jikin bangon shuɗi. Dogo maigadi, abokin Baba na shekara ashirin, ya shigo kicin don taya ɗaukar faranti. Baƙuwar ƙaramar mace ce mai farin gilashi, takarda ɗaya tak a hannunta. Baba ya ga takardar ya yi murmushi. Ya san masu takarda ɗaya, su ne masu magana daga zuciya, zuciya kuwa ba ta da shafi na ƙarshe.

Ta fara. Takalma suka fita. Minti bakwai daidai sai ta ce, “Fainali.”

Baba ya duba agogo. “Ashirin da biyar,” ya ce wa Dogo. “Bari in kai mata ruwa, in dawo mu wanke kofuna.”

Yana zuba ruwa a kofi ya ji zauren ya yi tsit. Bai damu ba, masu jawabi na yin haka don a ɗauka tunani suke. Ya leƙa. Baƙuwar ta ninke takardarta, ta koma kujerarta, ta zauna.

Ba wanda ya tafa. Mutanen zauren nan an yi shekaru ana horar da su, sun san fainali tsakiyar tafiya ce. Ko takalma ba su nema ba. Mataimaki ya gyara wuya ya lumshe ido don barcinsa na bayan fainali. Wani dillali ya miƙe a hankali ya nufi banɗaki, yana da tabbacin zai dawo ya tarar ana yi. Kowa na jiran baƙuwar ta huta ta ci gaba. Ita kuma tana kallonsu ta saman gilashi, tana neman laifin da ta yi.

Sai aka ji tafi daga can baya, na mutum ɗaya. Tau, tau. Auta ce. Kai ɗari ya juyo ya dube ta kamar wadda ta yi dariya a gidan makoki, ta sa hannuwan tsakanin gwiwoyi.

Tafin nan biyu shi ya faɗa wa Baba gaskiya. Matar ta gama. Butar tana zaune a kan murhu da ruwan sanyi, ko ashana ba a ƙyasta ba. Darakta kuma ya miƙe yana ɓalla maɓallin kwat, zai je ya yi godiya. Baba ya auna shi tun makon jiya, godiyarsa daƙiƙa ashirin ce, ƙarshenta kuma kiran shayi.

“Dogo, kunna wuta. In ta tafasa ka zuba ganye cokali tara.”

“Kai kuma ina za ka?”

Baba bai sani ba. Ƙafafunsa ne suka sani. Ƙofar kicin ta fi teburin manya kusa da wurin jawabi, ya riga Darakta isa da taku huɗu. Ya ajiye kofin ruwan da ba mai sha. Ya ɗago, sai ga lasifika a bakinsa, ga mutum ɗari a gabansa, ga tawul a kafaɗarsa. Ya buɗe baki, abin da ke ciki ya fito.

“Fainali.”

Zauren ya sauke ajiyar zuciya. Wannan sun gane shi. Duniya ta koma daidai, an ci gaba da jawabi, ko da wani ne ya karɓa. Darakta ya tsaya ƙafa ɗaya a gaba. A nan Baba ya gano abin da shekara talatin da ɗaya bai gano ba daga bayan gilashi: ba a katse mutumin da ya ce zai gama. Wa zai yi wannan rashin kunyar, alhali saura kaɗan? Darakta ya ja kujerar da ke kusa ya ɗosana.

Baba ya yi abin da ya ga ana yi. Ya dubi hagu a hankali, ya dubi dama. Ya sauke tawul, ya shimfiɗa shi kamar takarda, ya bi shi da yatsa. Ya kurɓi ruwa. Ya gyaɗa kai kamar ruwan ya tabbatar masa da wata magana. Minti ɗaya ya tafi.

“Lasli,” ya ce, ya ɗaga yatsa irin na Injiniya.

Wani dillali ya ce, “Haka ne.”

“In konkulushan.” Ya cire agogo ya ajiye a gabansa, yadda Mataimaki ke yi in zai daɗe. “Tu samarais.” Ya yi tari. “Las bot not lis.” Ya juya ya ɗan rusuna wa baƙuwar, ita ma ta rusuna, don ba ta ga abin yi ba. Ta karkata ta raɗa wa Darakta tambaya. Darakta ya share goshi ya raɗa mata amsa.

Minti huɗu da rabi. Saura kalma biyu, saura minti bakwai da rabi. Ya kashe bifo ai sit dawun, ya ja ta iya ja. Sai Turanci ya ƙare masa, in ban da maƙiyin nan da ya rantse ba zai taɓa furtawa ba. Kansa fayau, babu komai a ciki sai ƙofa. Sai ya fara karanto ƙofar da ka, da Hausa, daga sama.

“Tsohon Darakta, Allah ya jiƙansa, fainali uku, minti hamsin da biyu. Manajan sito na farko, lasli, minti goma sha tara, sai dai in da azumi a bakinsa, tara. Mai lissafi mai sanƙo, in konkulushan, awa ɗaya da kwata, ranar da aka yi ruwa.”

Tsofaffin ma'aikata suka fara ɗago kai. Wani ya ce, “Allah sarki, mai sanƙo.” Wata tsohuwar sakatariya ta ciro hankici. Baba ya gangaro shekara bayan shekara, matattu da waɗanda suka yi ritaya da waɗanda aka kora, kowa da kalmarsa da mintocinsa, har ya iso kan masu rai.

“Injiniya, fainali, minti shida.”

Aka tafa wa Injiniya, ya miƙe ya ɗaga hannu.

“Mataimaki, fainali, minti arba'in.”

Mataimaki ya farka da jin sunansa, ya ga ana dariya, shi ma ya yi.

Sai butar ta yi fito. Dogo bai san a sauke ta da wuri ba, ta kwarara shi har gilashin ƙofa na rawa. Baba ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Yanzu Dogo zai zuba ganye, saura a rufe magana a kawo shayi.

A nan ne tsoro na gaske ya kama shi. Bai san yadda ake rufe jawabi ba. Bai taɓa ji ba. Duk ƙarshen jawabin da aka yi a zauren nan, shi yana kicin yana tsiyaya. Ya san duk ƙofofin, bai taɓa ganin wadda ake fita ta cikinta ba. Ya yi shiru ko za su gane, suka gyara zama suna jiran suna na gaba. Ya ja baya taku ɗaya, suka ɗauka salo ne. Minti ɗaya daga cikin biyar na rayuwar shayi ya tafi. Na biyu ya bi shi. Ya ji bakinsa na motsi ba da izininsa ba.

“Wan mo tin,” in ji Baba Fainali.

Mutum ɗari suka zare takalman da suka fara sakawa.

Ya hango Auta tana motsa baki tana nuna masa wata kalma, bai gane ba, ba ta cikin bakwai ɗin. Ya hango Dogo ta gilashi, faranti a hannu, ya kasa turo ƙofa don ba a ba shi umarni ba. Tururi na tashi daga kofuna, yana raguwa. Baba ya ga tururin nan, ya manta da jawabi, ya manta da Darakta. Ya faɗi abin da yake faɗa duk lokacin da ya ga kofuna a haka.

“Shayi ya yi.”

Zauren ya ɗauki tafi kamar rufin zai tashi. Takalma suka shiga ƙafa. Dogo ya banko ƙofa. Kofin farko ya isa hannun baƙuwar da zafinsa, sai da ta hura.

Wurin shan shayi baƙuwar ta zo ta kama hannun Baba ta yi magana mai tsawo, Auta ta fassara. Ashe da ta tambayi Darakta ko wane ne wannan, cewa ya yi al'adar kamfani ce, ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa shi ke rufe taro. Ta ce ba ta taɓa ganin al'ada mai kyau irin wannan ba, za ta rubuta a rahotonta, baɗi ma tana so ta zo ta ji shi. Darakta na tsaye a gefe yana murmushin wanda ya taka ƙusa a gaban surukai.

Juma'a ba a fente ƙofa ba. Injin dai ya iso, don an riga an yi odarsa. Yana nan cikin kwalinsa a kusurwar kicin, Baba na kife kofuna a kai.

Da la'asar ɗin ranar, a gida, Maman Auta ta saurari labarin duka tana zare zare daga bakin wani ɗinki.

“Ni abin da ban gane ba, Baban Auta,” ta ce, “da ka ce shayi ya yi, nan take suka tafa?”

“Nan take.”

“Kullum haka suke yi?”

“Kullum.”

“To anya kai kake jiran su gama? Ko su ne suke ta magana suna jiran ka shigo ka cece su?”

Baba ya tuna Mataimaki da idanunsa da ke yawan zuwa kan ƙofar kicin. Ya tuna Tsohon Darakta a fainali na uku, gumi na bin wuyansa. Auta ta buɗe baki, uwarta ta taka mata ƙafa.

“Ke ɗinki kika sani,” ya ce. “Shi ke nan.”

Washegari ya durƙusa a bayan ƙofa, can ƙasa inda ɗan wuri ya rage, ya lashi bakin fensir. Ya rubuta: Baƙuwa mai gilashi, fainali, babu ko minti ɗaya, a kunna wuta tun tana get. Ya tsaya yana juya fensirin, har Dogo ya leƙo ya tambaye shi ko gwiwa ce ta riƙe. Sannan ya ƙara layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe, don ƙofar ba ta taɓa ɗauke wa kowa ba. Mai shayi, fainali, minti goma sha biyar.